Asibitin Tsoro na Gwani Mai Aski

Ƙanena mai aski ne, kuma Gwani ake ce masa a unguwarmu. Ba wanda ya raɗa masa sunan. Shi ya rubuta abinsa da fenti a saman ƙofar shago, mutane suka yi dariya har suka gaji, suka koma kiransa da shi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goya shi, saboda haka kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa ni wannan rubutu. Duk abin da Gwani bai iya ba, to bai ji labarinsa ba ne. Ya taɓa gyara wa maƙwabcinmu fanka, ta koma hura iska sama, mutanen ɗaki na zufa silin na shan sanyi.

Auta kuma 'yata ce ta ƙarshe. Tana aiki a wani ofishin lauyoyi da ke can saman wani dogon bene a tsakiyar gari. Aikinta tura keken fayil daga wannan hawa zuwa wancan, wuni guda tana cikin lifta, akwatin ƙarfen nan mai hawa da sauka da mutane. Wata rana liftar ta cika maƙil, sai Auta ta ji ƙirjinta ya ɗaure, zuciya na bugun tara-tara, ta tabbata mutuwa ce ta zo. Aka kai ta asibiti, aka auna duk abin aunawa, aka ce zuciyarta lafiya lau, ciwon fargaba ne. Daga ranar ta daina shiga lifta. Sai ta daina shiga bas. Sai bakin titi ma ya gagare ta, har ya kai ƙofar gida sai dai ta leƙa ta koma. Manajan ofishin ya yi haƙuri iyakar nasa, sannan ya aiko cewa in ba ta dawo ranar farko ta watan gobe ba, zai sa wata a gurbinta.

Tunda fita ta gagara, asibitin ya haɗa ta da wata likitar halayya da ke duba mutane ta waya. Duk mako Auta ta jingina wayarta da gwangwanin madara a kan tebur, matar ta bayyana, su yi ta magana. Da farko na raina abin. Ba ƙwaya, ba allura, sai hira? Amma na zauna a gefe ina gyaran wake ina kasa kunne. Matar takan tambaye ta, “Me ya zo miki a rai a lokacin?” Auta ta ce, “Na ce mutuwa zan yi.” Matar ta ce, “To me ya faru bayan nan?” Auta ta ce, “Ya wuce.” Daga nan sai ta ba ta aikin mako. A fara da ƙaramin abu: ta tsaya a ƙofar gida har bugun zuciyar ya sauka da kansa. In wannan ya zama ba komai, sai bakin titi. Sai bas zuwa tasha ta gaba. Lifta ce ta ƙarshe. Kuma ba mai tura ta, ita ke cewa ta shirya.

Ana cikin haka wata rana Gwani ya shigo neman abin da zai sa a bakinsa, ya tarar da su suna magana. Ya tsaya a bakin ƙofa da cokali a hannu. Da aka gama ya ce, “Yaya, wannan shi ne maganin?”

Na ce, “Shi ne. Rufe min tukunyar.”

“A fuskanci abin da ake tsoro? Shi ke nan? Ai ni tun ina yaro na san wannan.”

“Tun kana yaro ni ke raka ka banɗaki.”

Bai ji ni ba. Idonsa ya riga ya yi ƙyallin nan da na sani, irin wanda ya yi kafin fanka. Ya ce, “Matsalar matar nan jan jiki. Ƙofar gida, bakin titi, tasha! Sai yaushe? In mutum yana tsoron ruwa, ka cilla shi tsakiyar kogi, a gama a wuce wurin. Abin da take yi a wata da watanni, ni kafin shayi ya huce na gama.”

Auta ta ce a hankali, “Kawu, ta ce in aka fara daga sama abin ƙaruwa yake yi.”

“Dole ta ce haka, 'yata. In kin warke yau, da wa za ta yi hira gobe?”

Kafin mako ya zagayo an ƙara rubutu a ƙarƙashin sunansa: ASIBITIN TSORO, ANA WARKEWA NAN TAKE. Ya sayo farar riga irin ta masu sayar da magani, ya ɗaure wayarsa da tsumma a jikin sandar mofa ta goge ɗaki, ya kafa ta a gaban kujerar aski. Ya ce shi ma ta intanet zai yi nasa, kai tsaye, duniya na kallo. Duniyar kuwa ita ce mai shayin bakin layi da masu zama a bencinsa, da matan gidajen da suka gaji da kallon talabijin, da ni.

Wanda ya fara faɗawa hannunsa mai gadin makarantar bayan layinmu ne, dattijo mai kunya, wanda kare ya taɓa yaga wa ƙafa yana saurayi. Aski ya zo yi, bawan Allah. Da hira ta yi hira ya faɗi cewa har yau in ya ji haushin kare sai ya canza hanya. Gwani ya ce masa ya dawo gobe a gyara masa gefe kyauta.

Washegari ya zaunar da shi, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya kunna waya, ya aske rabin kai tas. Sannan ya ce, “Masu kallo, ku shaida.” Ya buɗe ƙofar baya. Ashe ya aro karen bakanike, wani baƙin ƙato mai kai kamar tukunya, ya ɗaure shi a can tun safe ba ci ba sha.

Ban taɓa sanin mai gadi na iya tashi sama ba. Ta taga ya fita, da ƙyallen a wuya yana kaɗawa, rabin kai na sheƙi. Karen bai ma kula shi ba. Wanda ya ɗaure shi da yunwa ya gane, ya nufe shi. Muka ga farar riga ta zagaye kujera, ta hau tebur, madubi ya faɗo ya tarwatse, sandar mofa ta kife. Daga nan silin kawai muke gani, muna jin Gwani yana cewa, “Kai! Kai! Ni ne likitan!”

Da yamma ya zo bencin mai shayi yana ɗingishi, wando ɗaure da igiya. Mai shayi ya ce, “Gwani, ya mai jiki?”

“Ya warke. Ba ku ga ta gaban karen ya wuce ba? Da can ko layin da kare yake ba ya bi.”

“Kai nake tambaya, ya mai jiki.”

Mai gadi kuwa, tun daga ranar ya ƙara tsoro a kan tsoro. Da kare kaɗai yake gudu, yanzu ko ƙarar kilifar aski ya ji sai ya tsallaka titi. Da hula ya ƙarasa watan, har rabin da aka aske ya kamo ɗan'uwansa.

Na biyu mahauci ne, ƙato mai wuya kamar na sa, wanda ke wuni cikin jini da wuƙa amma in ya ga allurar asibiti sai ya sume. Matarsa ce ta kawo shi, don an ce a gwada jininsa ya ƙi zuwa. Gwani ya ce a waya, “Likitocin jan jiki za su fara nuna masa hoton allura. Ni ba na wasa da lokacin mutane.” Ya zaro sirinjin da ake yi wa shanu allura da shi, ya ɗaga shi a gaban hancin mahauci.

Mahauci ya dube shi, ya ce, “Gwani,” a hankali kamar mai sallama, ya sulale. Bai faɗi baya ba, gaba ya faɗo. Sai da aka kira mutanen benci suka ɗaga shi kafin aka zaro Gwani daga ƙarƙashinsa, fuska a hoda, kujerar aski ta rabu da ƙafarta.

Yana numfashi da ƙyar ya jawo wayar ya ce, “Kun ga yadda ya natsu? Ko motsi ba ya yi.”

Matar mahauci ta cire takalmi. Sauran ba sai na rubuta ba, an gani kai tsaye.

Duk wannan dariya nake yi da sauran jama'a. Ranar da dariyata ta tsaya ita ce ranar da na ji ya ce wa masu kallo, “Waɗannan duk gwaji ne. Babban aikin yana gidanmu. 'Yar yayata ce, lifta take tsoro, har aiki zai kuɓuce mata. Wata mata ta riƙe ta a waya tana ta jan ta. Ni zan gama da ita a gabanku.”

Auta na zaune kusa da ni ta ji. A makon ne ta fara shiga bas ita kaɗai, ta je ta dawo tana murmushi. Washegari da ta fita, matan layi suka bi ta da “Sannu Auta, ashe abin da ke damunki ke nan?” Wata ta ce a kai ta a yi mata turare. Ta dawo ta shige ɗaki ta ja bargo.

Na ɗauki mayafina na nufi shago. Na same shi yana ɗaure ƙafar kujera da waya.

“Yaya, sannu da zuwa. Aski?”

“Harshenka na zo a rage. Wa ya ba ka izinin kai ciwon 'yata kasuwa?”

“Taimako ne, Yaya. Jinina ce.”

“Mai gadi ma taimakonsa ka yi, ga shi can yana kwana da hula. Ka ji ni da kyau. In ka sake ambaton Auta a wayar nan, da sandar mofar zan raka ka gida.”

Ya rantse, ya dafa ƙirji, ya ce ya bari. Na san rantsuwar Gwani, ba ta kai ƙofar shago.

Likitar wayar ce ta tayar da Auta daga cikin bargo. Ban san duk abin da suka faɗa ba, na dai ji Auta na kuka, sannan na ji ta tana cewa, “To sun sani. Sai me?” Ta koma bas. Ta je ta tsaya a harabar benen tana kallon ƙofar lifta na buɗewa tana rufewa. Wata rana ta shiga ta fito ba a rufe ba. Wata rana ta hau zuwa hawa na gaba. Abin da ya rage shi ne ta hau har ofishinsu, ranar da manaja ya sa.

Ranar ta ce in raka ta. Muna shiga harabar na ga farar riga. Gwani ne, da sandar mofa, da mai shayi da rabin mutanen benci a bayansa, har da mahauci da matarsa, waɗanda na tabbata ba don fatan alheri suka zo ba.

Na ce, “Gwani, me na faɗa maka?”

“Rakiya ce kawai, Yaya. Ko rakiya ma laifi ce?”

Auta ta riƙe hannuna, tafinta sharkaf da zufa. Ta ce, “Inna, ƙyale shi. In na tsaya faɗa, ba zan shiga ba.” Ƙofa ta buɗe, muka shiga. Kafin ta rufe, Gwani ya kutso da sandarsa.

Lifta ta ɗaga. Na ga ya ɗan dafa bango, ya haɗiye yawu. Sai a lokacin na tuna: yaushe Gwani ya taɓa shiga lifta? Mutumin da shagonsa da gidansa duk a ƙasa suke? Amma ya gyara murya ya ce wa waya, “Masu kallo, matar can ta ce a hau a hankali. Ni kuwa na ce babban abin tsoro shi ne lifta ta maƙale. To ga shi.” Ya kai hannu ya danna jan maɓallin nan na tsayarwa.

Akwatin ya yi wata girgiza, ya tsaya cak. Fitila ta yi ƙifta-ƙifta ta rage haske.

Auta ta manna bayanta da bango. Na ce a raina shi ke nan, ya rushe mata aikin makonni. Na ɗaga hannu zan kai masa mari, sai na ga ba ya inda na bar shi. Yana jikin maɓallai yana danna su duka da tafin hannu.

“To ya isa, a tafi. Yaya, ba ta tafiya. Na danna, ba ta tafiya!”

“Kai ka tsayar da ita.”

“Na ɗauka in an sake dannawa tashi take!” Ya sa yatsu a tsakanin ƙofa yana ja. Ya buga da kafaɗa. Ya cire farar rigar ya yar. “Iska ta ƙare. Kun ji? Ba iska! Igiyar za ta tsinke. Yaya, ƙirjina, wallahi zuciyata ce, mutuwa zan yi!”

Wayar nan tasa, da kullum yake kukan ba ta da sabis, ranar sabis ɗinta tangaran. Na ɗauki sandar mofar da ya saki, na daidaita ta a kansa sosai. Saƙonni na ta hawa, na shiga karanta masa.

“Mai shayi ya ce a gaishe da likita. Matar mahauci ta ce kun ga yadda ya natsu.”

“Yaya, kashe! Don girman Allah kashe!”

“Ai ka ce duniya ta shaida.”

Ya zube a ƙasa ya rungume ƙafata yana kiran mahaifiyarmu, wadda ta rasu tun yana da gashin kansa duka.

Sai na ji muryar Auta, siririya, tana rawa. Da kanta take magana. “Zuciyata na bugawa. Na san wannan. Ya taɓa zuwa, ya wuce.” Ta ja numfashi a hankali ta sake shi a hankali. Hawaye na zuba, amma idonta a buɗe. Ta daɗe a haka. Sannan ta matsa ta danna maɓallin ƙararrawa, ta gaya wa mai gadin benen cewa mun maƙale. Ya ce mai gyara na zuwa, mu yi haƙuri.

Ta durƙusa kusa da kawunta. “Kawu, dube ni. Me ya zo maka a rai?”

“Mutuwa, 'yata! Mutuwa!”

“Ni ma haka nake ji yanzu. Ga ramin iska can a sama, ka gan shi? Saki numfashin a hankali. Kada ka yi kokawa da shi, zai sauka da kansa.”

“Yaushe?”

“Ba nan take ba.”

Na so in yi dariya, amma na kasa. Haka suka zauna a ƙasan akwatin, ita tana rawa shi yana rawa, tana ja yana ja, har lifta ta yi ƙugi ta ci gaba da hawa.

A hawan ofishinsu ta buɗe. Manaja na tsaye da wasu lauyoyi, an gaya musu lifta ta maƙale da mutane. Gwani ya fita da rarrafe ya kwanta a kan tayil ya manna kumatunsa. Manaja ya dubi Auta ya ce, “Ke ce a ciki? Lafiya dai?”

Ta share fuska ta ce, “Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ina keken fayil ɗin?”

Aka turo mata. Ta tsaya ta dubi ƙofar liftar ta ɗan jima. Sannan ta tura keken ciki ta bi shi, ƙofa ta rufe.

Gwani ta matakala ya sauka, a zaune, yana jan gindi daga wannan zuwa wancan, ni ina binsa da farar riga da sandar mofa. Da muka iso ƙasa jama'a na jira. Ya miƙe ya kakkaɓe wando ya ce, “Dabara ce. Na yi kamar na tsorata ne don ta manta da nata. Kuma kun ga ta warke.”

Mahauci ya ce, “Haka ne. To zo mu koma sama a lifta ka karɓi godiya wurin manaja.” Ya kama hannunsa.

Ƙofar ta yi ƙara ta buɗe. Ko mai gadin makaranta bai yi gudun da Gwani ya yi ba.

Auta na nan a aikinta. Ba ta daina ganin likitarta ba, don ta ce abin yakan leƙo wani lokaci, sai dai yanzu ta san fuskarsa. An goge rubutun asibiti daga ƙofar shago, ko da yake in rana ta haska ana iya karanta TSORO a ƙarƙashin sabon fentin, daidai ƙasan sunansa.

Kwanan baya ya shigo gidana, ya zauna, bai taɓa tukunya ba. Ya ce wai tun ranar ko banɗaki ya shiga ba ya iya rufe ƙofa. Ya yi ta murza hula, sannan ya ce wa Auta wani abokinsa ne ke son lambar matar nan ta waya. Auta ta ba shi.

Jiya na wuce ta tsakiyar gari a bas, na hango shi a tsallaken titi, nesa da benen, ya rungume sandar fitila yana kallon ginin yana jan numfashi. Na leƙo ta taga na ce, “Gwani! Ba ka shiga ba?”

Ya ɗaga min hannu a fusace ya ce, “Yaya, don Allah kada ki tura ni. A hankali ake yi.”